Sai Bango Ya Tsage: Ɓarakar Akwatin Imel Da Dukiyar Ɗan Kasuwa

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya tara mu a wannan wuri cikin ƙoshin lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu, 'yan'uwana 'yan kasuwa, da samarinmu da ke zaune can baya, barkanmu da warhaka.

Abin da kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne akwatin wasiƙar intanet, watau imel, musamman irin wanda ake buɗewa ta burauza, mutum ya sa sunansa da kalmar sirri ya shiga. Wani zai ce ina ruwan mai sayar da goro ko shinkafa da wannan. To, ruwansa ne har tsaki. Duk wanda ke sayo kaya daga Sin ko Dubai, ta nan takardar kuɗin kaya ke zuwar masa. Ta nan ejan ɗinsa na Apapa ko Tin Can ke aiko takardun kwantena. Ta nan banki ke aiko bayanin asusu. In ka manta kalmar sirrin Facebook ko ta wani wuri, nan ake aiko maka hanyar sabunta ta. Ashe ke nan wanda ya riƙe akwatin nan ya riƙe makullin sauran ƙofofinka.

Abu na farko da nake so mu gane shi ne, wasiƙun nan ba a cikin wayarka suke zaune ba. Suna can cikin wata babbar kwamfuta a gidan wani, kai leƙawa kawai kake yi. Misalinsa kamar ka kama hayar sito ne a kasuwa. Kwaɗo naka ne, makulli naka ne, amma bango da rufi da maigadi na mai gini ne. Saboda haka ɓarawo yana da hanya biyu. Ko dai ya yaudare ka ka miƙa masa makulli, ko kuwa ya sami tsaga a bango ya shiga, kwaɗonka na nan a rataye ko taɓa shi bai yi ba. Ta farkon duk mun sha jin ta, ana ta yi mana gargaɗi kada mu ba kowa lambar sirri. Ta biyun ce ba a cika faɗa mana ba, ita ce kuma maganata yau. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan tsaga ba yau ta fara ba. A watan Agusta na 1999 aka gano wata ɓaraka a Hotmail, wanda kamfanin Microsoft ya saya a ƙarshen 1997. Ta wani shafi, kowa na iya shiga akwatin kowa in dai ya san sunan akwatin, sai kawai ya rubuta haruffa biyu, "eh", a wurin kalmar sirri. Miliyoyin mutane ƙofarsu na buɗe ba su sani ba, kuma babu laifin ko ɗaya daga cikinsu. Sai da kamfanin ya rufe shafin na 'yan sa'o'i ya toshe.

Na Yahoo ya fi wannan muni, kuma ya fi shafarmu, domin yawancinmu da shi muka fara. A 2013 aka shiga rumbun kamfanin. Ba a sanar da duniya ba sai 2016, aka ce akwati biliyan 1 abin ya shafa, sannan a 2017 aka dawo aka ce ai duka ne, biliyan 3. An kuma yi wata satar dabam a 2014, ta akwati miliyan 500. Ga inda abin ya ke da ban tsoro. Idan ka sa kalmar sirri ka shiga, manhajar takan ba burauzarka wata 'yar shaida, kamar tikitin da ake ba mai mota a ƙofar gareji, don kada a riƙa tambayarka a kowane shafi. To, ɓarayin nan sun koyi buga tikitin jabu. Yahoo da kansa ya ce an yi amfani da wannan dabara a kan akwati kimanin miliyan 32 a 2015 da 2016. Wanda ke da tikiti ba ya bukatar makulli.

Yanzu bari in zo kan wadda ta fi wuyar ganewa. Mun saba jin cewa kada ka danna adireshin da ba ka sani ba, kada ka sauke takardar da ba ka yarda da ita ba. Shawara ce mai kyau, amma akwai ɓarakar da buɗe wasiƙar kaɗai ya isa. Dalili kuwa, wasiƙar zamani ba rubutu zalla ba ce, tana ɗauke da launi da hoto da tsari, burauzar da ke nuna ta kuma baiwar Allah ce mai bin umarni. Aikin manhajar imel ne ta zama rariya, ta tankaɗe wasiƙar, ta bar rubutu da hoto su wuce, ta tare duk wani umarni da aka cusa. In rariyar na da huda, umarnin ɓarawo sai ya zurare, burauza kuma ta aiwatar da shi tana zaton daga mai gida ya fito. Kamar baƙo ne ya kawo takarda shagonka, yaron shago ya karanta ya ga an ce a kwashe littattafan lissafi a ba mai takarda, shi kuma ya kwashe ya bayar.

Haka ta faru a watan Oktoba na 2023 da wata manhaja mai suna Roundcube. Kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya gano wasu gungu da ake kira Winter Vivern suna aika wa ma'aikatun gwamnati a Turai wasiƙa mai kama da ta arziki, amma an ɓoye umarni a cikin hoton da ke jikinta. Da mutum ya buɗe, sai a fara kwashe wasiƙunsa ana turawa waje. Masu Roundcube sun fitar da gyara cikin 'yan kwanaki. Kada wani ya ce ai can Turai ne. Roundcube ɗin nan ita ce ke cikin cPanel, wanda kamfanoni da yawa masu ba da hayar wuri a intanet suke amfani da shi. Duk wanda a cikinmu aka buɗe masa imel da sunan kamfaninsa, mai yiwuwa ita yake buɗewa kullum, sunanta ne kawai bai taɓa lura da shi ba.

To jama'a, a nan nake so a ba ni hankali. Idan masu manhaja suka gano huda, sukan fitar da abin da za mu kira faci, kamar yadda ake yi wa taya. Amma ranar da aka fitar da faci, ranar ce kuma ɓarayin duniya suka san inda hudar take. Wanda ya liƙa nan da nan ya tsira, wanda ya yi jinkiri ya fi jiya shiga hatsari. Masu binciken Google sun ba da labarin wata manhajar mai suna Zimbra a 2023. Gungu huɗu suka yi amfani da huda ɗaya a kan ma'aikatun gwamnati a Girka, Maldoba, Tunisiya, Biyetnam da Pakistan, kuma uku daga cikin huɗun sun kai farmakinsu ne bayan gyaran farko ya fito fili ranar 5 ga Yuli. A watan Yuni na 2025 kuma aka toshe wata huda a Roundcube wadda ta shekara goma tana nan ba a lura ba, amma kwanaki bayan fitowar facin, masu ƙidaya suka tarar da kwamfutoci fiye da 80,000 ba a liƙa musu ba. Haka a watan Maris na 2021 da manhajar Exchange ta Microsoft: an fitar da faci ranar 2 ga wata, aka yi ta rige-rige tsakanin masu liƙawa da masu shiga, dubban ma'aikatu da ƙananan kamfanoni suka faɗa. Akwai kuma wata tsohuwa mai suna SquirrelMail, wadda rabonta da cikakken sabon fitowa tun 2011. Mai zama cikinta yau, ginin da aka daina yi wa yaɓe yake haya.

Me ɓarawo ke yi in ya shiga? Ba ya fasa komai, ba ya sauya maka kalmar sirri, don kada ka farga. Sai ya kafa ƙa'ida a cikin akwatin cewa duk wasiƙar da ta shigo a tura masa kwafinta. A harin Girka da na ambata, haka aka yi. Daga nan ya zauna ya yi ta karatu, wata ɗaya, wata biyu. Ya san wa kake saye a wurinsa, yadda kuke gaisawa, nawa ne cikon kuɗi, yaushe za a biya. Ranar biya na matsowa sai wasiƙa ta iso, da hatimin kamfanin da sa hannun da ka sani, ana cewa asusunmu na da yana da 'yar matsala, a tura kuɗin wannan sabon. Wani lokaci ma ba akwatinka aka shiga ba, na abokin cinikinka ne can Guangzhou, wasiƙar kuwa daga ainihin adireshinsa ta fito. Kai ka tura, shi bai gani ba. Ga asarar dukiya, ga zumuncin shekara da shekaru ya lalace, kowa na zargin ɗan'uwansa. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai, ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa kan irin wannan damfara sun kai asarar dala biliyan 2.9. Wannan fa waɗanda suka kai ƙara ke nan.

Mene ne abin yi? Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Ga abin da nake roƙon mu riƙe.

Na farko, kuma shi ne uban duka: kada kuɗi su motsa a kan wasiƙa kaɗai. Duk ranar da aka ce maka an sauya asusu, ɗauki waya ka kira mutumin da tsohuwar lambar da ke cikin littafinka, ba wadda aka rubuto a wasiƙar ba. Ka ji muryarsa, ya karanta maka lambar asusun da bakinsa. In kuɗin masu yawa ne, tura kaɗan tukuna ya tabbatar ya gani. Iyayenmu da suka yi fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano ba sa sakin kaya sai sun ga ɗan aiken da suka sani. Wannan ɗabi'a ita kaɗai ke aiki ko da bangon ya riga ya tsage.

Na biyu, mai imel da sunan kamfaninsa ya kira wanda ke kula masa da shi ya yi masa tambaya uku: wace manhaja ce, yaushe rabon da a sabunta ta, kuma wa ke sa ido in sabon faci ya fito. Kuɗin haya kake biya, hakkinka ne ka sani. In ya kama inda-inda, nemi wani. Wannan ya haɗa da sakatarenmu, domin sunayen 'yan ƙungiya da lambobinsu amana ce a wuyanmu.

Na uku, a kunna tabbaci mai hawa biyu, watau bayan kalmar sirri sai an sa wata lamba da ke zuwa wayarka. Yana tare ɓarawon makulli ƙwarai, amma ba kowace tsagar bango yake tarewa ba, tunda umarnin da ke cikin wasiƙa yana aiki ne bayan kai da kanka ka riga ka shiga. Saboda haka a yi shi, amma kada a saki jiki.

Na huɗu, sau ɗaya a wata ka sa yaronka ya buɗe saitin akwatin a gabanka, ku duba ko akwai ƙa'idar tura wasiƙa zuwa adireshin da ba ku sani ba, ku duba kuma jerin wayoyi da kwamfutocin da suka shiga. In waya ta ce a sabunta ta, a sabunta, kada a ce data. Wanda ya shiga a shagon kwamfuta ya tabbata ya fita, ba rufe shafi kawai ba.

Na biyar, akwatin imel ba adaka ba ne. Hoton fasfo, lambar BVN, lambar NIN, takardun fili, a sauke su a adana a wani wuri, a goge su daga ciki. Abin da babu shi, ba a sace shi.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, Allah ya kiyaye, to kada kunya ta sa a yi shiru. A kira banki a wannan sa'ar, domin da zarar kuɗin sun kwana an rarraba su. A kai rahoto ga EFCC ko 'yan sanda. A sauya kalmar sirri daga wata wayar dabam, a kori duk wanda ke ciki, a goge ƙa'idojin da aka kafa, in ba haka ba ɓarawon zai ci gaba da karatu. A kuma sanar da abokan ciniki da 'yan'uwa, don su shafa wa gemunsu ruwa.

Sai ku samarinmu. Da yawa daga cikin iyayenku ku ne idonsu a wannan harka, ku kuke buɗe musu, ku kuke karanta musu. Amana ce, za a tambaye ku ita. Kun san abin da ake kira yahoo-yahoo a garin nan, kun ga masu yinsa da motocinsu. Dukiyar mutane ce, haramun ce, kuma tun 2015 Nijeriya ke da dokar laifuffukan intanet da ke ɗaure mai shiga kwamfutar wani ba da izini ba. Mu baƙi ne a nan, jarinmu na farko shi ne an san Bahaushe da riƙon amana. Wanda Allah ya ba basirar kwamfuta a cikinku, ya koyi liƙa faci da gadin bango, sana'a ce ta halal kuma mu kanmu muna neman mai yi mana.

A ƙarshe ina roƙon kwamiti ya ware rana guda, a zo da wayoyi, samari biyu ko uku amintattu su taya dattawa duba akwatunansu a gaban idonsu, ba tare da kowa ya faɗi kalmar sirrinsa ba.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, ya jiƙan magabatanmu.