Ba raki ba ne: mata da zafin awon hanji



Maganar yau ta shafi bayan gida da dubura, abin da ba mu saba ambata a gaban jama'a ba. Ku yi mini haƙuri, domin shirun da muke yi a kai shi ke ƙara wa mata wahala.

Akwai wani awo da lokotoro ke kira koloskopi. Tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar na yatsa, tsawonsa ya wuce mita ɗaya da rabi, da ƴar kamara a bakinsa. Ana shigar da shi ta dubura a bi babban hanji har ƙarshensa. Ana rubuta shi ga mai ganin jini a bayan gida, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko ƙarancin jinin da ba a gano dalilinsa ba. Mu nan duk jinin bayan gida sunansa basir, sai a nemi saiwa a jiƙa. Wani lokaci basir ɗin ne. Wani lokaci kuma tsiro ne a bangon hanji, wanda in ya shekara da shekaru yakan rikiɗe ya zama kansa. Da wannan awo ake ganin tsiron, a cire shi nan take.

To, awon yana da zafi, kuma mata sun fi maza jin zafin. Wannan ba raki ba ne, halittar jiki ce. A 1996 likitocin asibitin St Mark's na Landan sun gwada tsawon babban hanjin maza da mata, suka samu na mata ya kai wajen santimita 155, na maza 145. Ga shi kuma cikin mace bai kai na namiji faɗi ba, don haka hanjin ya fi lanƙwasa, kuma ɓangarensa na tsakiya yakan sauko har cikin ƙugu. Tiyon in ya zo kwana sai ya naɗe, ya ja hanjin, wannan jan shi ne zafin. Sai ku ƙara da matar da aka yi wa aiki aka fidda ɗa, ko aka cire mata mahaifa. Ciwon aikin in ya warke daga ciki yakan manne hanji da abin da ke kusa da shi, hanjin ya daina motsi yadda ya saba. Mata nawa muka sani a unguwanninmu da aka yi wa sezariyen sau biyu, sau uku?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tarbiyyar da muka ba mace. Tun tana yarinya ake gaya mata ƴar gidan mutunci ba ta kuka wajen naƙuda, sai a yi mata gori. Ta tashi da wannan, ta kwanta a gadon awo, namiji ne ke riƙe da tiyon, ga kunya ga zafi, ta cije leɓe. Shi kuma ya ɗauka lahiya lau take. In kuwa ta yi ƙara, sai ka ji an ce, "Haba Hajiya, ke da kika haifi shida?" Kun ji fa. Haihuwar da ta yi ita ce aka mayar hujjar hana ta magani.

Kuma zafin ba wahalar minti talatin kawai ba ce. Mace in ta kasa jurewa, lokotoro yakan tsaya bai kai ƙarshen hanjin ba, tsiron da ke can ciki ya tsira. Ta biya kuɗi, ta kwana tana shan maganin wanke ciki, ba a ga komai ba. Ta koma gida ta ba ƙawayenta labari, su ma su rantse ba za su je ba.

Alhali magani akwai. A Faransa yawancin wannan awo ana yin sa mutum na barci, da allurar propofol, mai anestezi na tsaye a kansa. Akwai mai sauƙi, allurar midazolam da ta kashe zafi, mutum na jin magana amma jikinsa ya saki. Na san za ku ce kuɗi, kuma gaskiya ne, mai anestezi ba ko'ina yake ba. Amma wasu dabarun kusan kyauta ne. A juya mace daga gefen hagu zuwa rigingine in tiyon ya tsaya. Infirmiya ta danna cikin da hannu don kada ya naɗe. A buɗe hanjin da ruwa maimakon a hura masa iska. In akwai iskar CO2 a yi da ita, jiki na shanye ta da sauri, kumburin ciki na bayan awo ya ragu. In akwai siririn tiyo irin na yara, shi ya fi dacewa da matar da aka taɓa yi wa aiki. Yawancin wannan lokaci yake ci, da niyyar mai yin awon.

Ƴar uwa, in an rubuta miki shi, ki yi tambaya tun ranar randevu, kada ki bari sai kin kwanta. Ki faɗi duk aikin da aka taɓa yi miki a ciki, ko ba a tambaye ki ba. Ki tambayi wane maganin zafi za a ba ki, da nawa ne kuɗinsa. Ki nemi a sa mace a ɗakin. In zafin ya fi ƙarfinki ki ce a dakata, haƙƙinki ne, ba rashin kunya ba ne.

Ku kuma maza, sau da yawa ku ke riƙe da takardar kuɗin a bakin gishe. In aka ce anestezi daban ake biya, nan ne ake fara cewa "ai za ta iya daurewa". Ku tambaye ta tukuna kafin ku soke layin. In an yi mata allurar barci, ku tsaya ku mayar da ita gida, don ranar ba ta tuƙa mota ko babur, kuma bai kamata ta kwana ita kaɗai ba.