Gargaɗi Ga Mai Niyyar Buɗe Shagon Rediyon Mota

Jama'a, iya ɗaura rediyo da lasifika a mota sana'a ce, amma riƙon shago wani ilmi ne dabam. Samari da yawa sun ƙware a aikin hannu, bashi da kwantan kaya suka karya su.

Saboda haka wanda bai taɓa ciniki ba kada ya yi garajen kama haya. Ya fara zama ƙarƙashin wani maigida, ko a kasuwar Alaba ta Ikko, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya koyi saro da sanin jabu. Ɗan aikin da yake samu ya riƙa rubuta shigarsa da fitarsa, ya raba jari da kuɗin cefane. In littafin ya nuna riba, sa'an nan ya yi rajistar suna a hukumar CAC, ya kama shago.