Riƙon Yaro Ba Aikin Gida Ɗaya Ba Ne



Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Idan uwa ta rasu ko gida ya gaza, goggo ko kaka ko kawu ke ɗaukar yaro, kuma wannan al'ada ta ceci yara da yawa. Amma sau da dama mutum biyu ne ke gama maganar a ɗaki, ba shaida. Bayan shekara sai a ga 'yar riƙo da farantin talla a bakin titin Sakkwato zuwa Jega, 'ya'yan gida kuwa suna aji. Ba mai tambaya, domin ba wanda aka ɗora wa wannan nauyi.

Gwamnatin tarayya ta kafa dokar haƙƙin yara a 2003, Jihar Sakkwato kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2021. To, amma doka ba ta shiga gida-gida. Mu ne za mu shiga.

Ga shawararmu. Na farko, kafin yaro ya canja gida, a zauna da dangin uwa, dangin uba, mai unguwa da dattijo ɗaya na ikilisiya. A faɗa a fili wa zai ciyar, wa zai ɗauki nauyin makaranta, wa zai kai asibiti. Idan maraya yana da gadon gona ko awaki, a rubuta, kowa ya sa hannu.

Na biyu, a yi masa takardar haihuwa a wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, katin rigakafinsa kuma ya bi shi.

Na uku, mata biyu daga Zumunta su riƙa leƙa gidan kowane wata, ba don neman laifi ba. Uwar riƙo ma tana gajiya. Kwanon gero ɗaya yakan rage mata nauyi. Su kuma keɓe da yaron su ji ta bakinsa.

Na huɗu, malamin makaranta ya sanar idan yaro ya yi mako bai zo ba. Idan an ga alamar duka ko maganar auren wuri, kada a rufe don kunya. A kai wa hakimi da jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da marayu, don haka mu gayyato su zaman. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin taro na gaba, kowace ikilisiya ta ƙirga yaran riƙon da ke cikinta. Ubangiji ya taimake mu.