Ayarin Tsofaffin Motoci: Kwana Uku Tsakanin Tiga Da Riruwai

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 2006 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu)

 



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti 15 in yi bayanin tafiyar da wasunmu suka yi a watan Disamba na 2024. Tun da hotunanmu suka zaga, maganganu sun yi yawa. Wasu sun ce kuɗi ne ya yi mana yawa, wasu kuma sun ce abin yi muka rasa. Duk wanda ya san albashin ma'aikacin gwamnati mai mataki na 10 irina, ya san magana ta farko ba ta da tushe. Ta biyun ce nake so mu tattauna.

Asalin abin a wajen zaman makoki ya fara. Mun je ta'aziyyar wani ɗan ajinmu, Allah ya jiƙansa, bayan an shafa fatiha muka koma gefe muna hira. Sai ɗayanmu ya ce mu ƙirga sau nawa muka haɗu tun da muka bar makarantar nan. Muka ƙirga, muka tarar duk haɗuwar da muka yi ko dai ɗaurin aure ce, ko jana'iza, kuma yanzu ɗaurin auren ya ja baya. Jikin kowa ya yi sanyi. Daga nan hira ta gangaro kan ziyarar da malaminmu na labarin ƙasa ya kai mu dajin Falgore a 2005, muna aji biyar, cikin tsohuwar motar makaranta wadda sai an tura take tashi. Ga Malam can zaune a sahun gaba, in na yi ƙari ya gyara mini.

A nan ne monitan ajinmu, wanda yanzu yake sayar da kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa, ya ce ya ga wani abu a wajen 'yan gwangwan da zai ba mu sha'awa. Wani ɗaki ne mai taya biyu, wanda ake ɗaura wa mota a baya ta ja. Jikinsa na alminiyon ne, cikinsa akwai gadaje huɗu, biyu bisa biyu, da kabad, da ɗan wurin girki. Wani kamfanin yin hanya ne ya bar shi, injiniyoyinsa ke kwana a ciki a zamanin da. Ranar da muka je ganinsa kaza muka tarar tana kwanci a kan gadon sama. Muka saye shi a farashin ƙarfe. Wata huɗu ya yi tsakanin mai walda da kafinta, muka sa masa sababbin tayoyi da farantin sola, ya dawo abin kallo.

Da na shiga karance-karance, sai na tarar ashe a wasu ƙasashe wannan abu ƙungiyoyi gare shi. A Amurka akwai wadda ake kira Tin Can Tourists, an kafa ta a garin Tampa na jihar Florida a 1919, sunan kuma ya samo asali ne daga abincin gwangwani da suke ci a hanya. Ta mutu, aka sake farfaɗo da ita a 1998, mutane na gyara tsofaffin ɗakunan nan na zamanin iyayensu, su yi jerin gwano su je su yada zango tare. Akwai kuma wani Ba'amurke, Wally Byam, mai kamfanin Airstream, wanda a 1959 ya jagoranci irin waɗannan ɗakuna 41 daga Cape Town a Afirka ta Kudu, suka ratsa nahiyar nan har birnin Alƙahira. Manyanmu da ke nan ma za su tuna Turawan da kan keto Sahara ta Agadas da Damagaram cikin tsofaffin motoci, su sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai a Kano. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a shekarun 1990 su suka kashe wannan hanya.

To amma kada wani ya ce kwaikwayon Turawa muka yi. Tun kafin a ƙera mota, fataken ƙasar nan suke haɗa ayari su tafi Gwanja sayen goro, su yi watanni a hanya, da madugunsu da jagabansu, kowane dare da zangonsa. Haka muka tsara namu. Wanda ya fi mu shekaru muka naɗa madugu, ba a tashi ba a sauka sai da izninsa. Wani ɗan ajinmu haifaffen Tudun Wada ya zama jagaba, shi ya riga mu zuwa da mako guda ya gaida masu gari, ya sanar da jami'an tsaro. Mu 14 ne, sai Malam na 15. Motoci uku: Peugeot 504 guda biyu, wato Fijo, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da wata tsohuwar Land Rover da ta ja ɗakin. Kowa ya zuba N30,000, fiye da rabi kuma mai ne ya cinye, don kun san yadda abin ya koma tun da aka janye tallafi a 2023.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki hanyar Zariya, muka ratse ta Bagauda, muka isa Tiga da la'asar sakaliya. Mai unguwa ya nuna mana wani fili kusa da masunta. Malam da mutum uku masu ciwon baya suka shiga ɗaki, sauranmu muka kafa tanti, muka sayi karfasa muka gasa. A bakin wutar nan Malam ya koma aji, ba alli ba allo. Ya tambaye mu wa ya gina madatsar. Muka amsa baki ɗaya, gwamnatin Audu Bako, an gama a 1974. Ya ce madalla, to daga ina ruwan yake zuwa? Sai aka yi tsit. Mu ne fa masu digiri, har da mai biyu. Ya ce to mu kwanta, gobe ma gani.

Washegari muka koma titi, muka karya ta Kwanar Ɗangora, muka sayi rake da ƙosai, muka wuce Tudun Wada. Daga nan ƙasa ta fara sauyawa, itatuwa suka fara kauri, har muka shiga Falgore.

Ga ƙannenmu da ba su sani ba, wannan daji tun shekarun 1940 aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi wurin adana namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, titin Kano zuwa Jos kuma ta cikinsa ya ratsa. Kun kuma san sunan da ya yi a shekarun baya, lokacin da ɓarayin shanu da 'yan fashi suka mai da shi maɓoya, har ta kai sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa a 2017. Saboda haka ba mu yi gangancin kwana a ciki ba. Da rana muka shiga, tare da ma'aikacin gandun daji da 'yan sintiri biyu, kuma kafin la'asar mun fito. Ina faɗin wannan ne don iyalanmu, waɗanda wasunsu ba su yi barci ba sai da muka dawo.

Malam ya zo da wani tsohon littafin rubutu a aljihun babbar rigarsa. Ashe tun 2005 yake ajiye da shi. A waccan ziyara ya tsayar da mu a wani wuri kusa da rafi, ya sa mun auna taku 100 a tsaye, taku 100 a kwance, mun ƙirga duk manyan itatuwan da ke ciki da sunayensu. Ni kaina na manta an yi haka, sai da na ga rubutun hannuna a shafin, da wani kuskure da ya zagaye mini da jan biro. Doka, maje, marke, kirya, ƙawo, maɗaci, kaɗanya, jimla 63. Ya ce mu nemo wurin. Muka sha wuya kafin mu gane shi, wani dutse mai kama da turmi ne ya taimake mu. Muka sake aunawa, muka sake ƙirgawa. Muka sami 19. Kirya ko ɗaya babu, sai kututture, don ita masu gawayi suka fi so. Ban ce haka dukan dajin yake ba, akwai wuraren da muka wuce har yanzu da duhuwarsu, mun ga gwaggon biri garke guda da zabin daji. Ni dai abin da muka ƙirga da hannunmu nake faɗa muku.

Malam ya daɗe tsaye bai ce komai ba. Can sai ya nuna rafin da sandarsa, ya ce ga amsar tambayar jiya. Kogin Kano daga tuddan kudu yake gangarowa, ya ratsa wannan daji, sannan ya zuba a Tiga. Saiwoyin itatuwan nan su ke riƙe ƙasa. In aka sare su, ruwan damina zai kwashi yashi da laka ya kai cikin madatsa, ta riƙa cikewa a hankali. Daga Tiga kuwa ake ba gonakin Kadawa da Kura ruwa, inda shinkafa da tumatirin da muke ci suke fitowa, daga nan kogin ya haɗu da Challawa ya nufi Haɗeja. Ya ce wanda ya sayi buhun gawayi a bakin titin nan, da wanda ya sare itacen, da wanda ya sa hannu a takarda a ofis ya kau da kai, duk rijiya ɗaya suke sha. Da ya zo kan na ofis ɗin, ni ya kalla. Ban ji daɗi ba, amma ban musa ba, domin a bayan Fijo ɗinmu ma akwai buhun da muka saya da safe don dafa shayi.

Daga nan muka wuce Doguwa muka nufi Riruwai. A hawan nan ne tsofaffin motocinmu suka nuna shekarunsu. Fijo ɗaya ta ɗauki zafi, lagireto ya fara tafasa, muna cikin ba ta ruwa sai boris ɗin tayar ɗakin ya ƙone, hayaƙi na tashi. Magariba ta kawo jiki, ga mu a gefen dutse. Wani ɗan acaɓa ya je ƙauyen gaba ya ɗauko mana bakanike, dattijo, da kayan aikinsa a cikin buhu. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ce rabonsa da taɓa irin waɗannan tun yana yaron shago. Cikin awa biyu ya gama, da fitilar waya muke haska masa. Ya ce da sabuwar mota ce mai kwamfuta, sai dai mu kwana a nan a aiko da na'ura daga Kano. Masu tambayar me ya sa muka nace wa tsofaffin motoci, ga dalili ɗaya. Na biyu shi ne ba sa gudu, dole ka ga abin da kake wucewa. Na uku, su muke iya saye.

A filin wata makarantar firamare muka kwana, da iznin mai gari, wanda ya aiko mana da tuwon masara akushi uku. Sanyin Riruwai a watan Disamba ba irin na Kano ba ne, wanda ya zo da bargo ɗaya ya gane kurensa. Da safe wani tsoho da ya yi aikin haƙar kuza ya zaga da mu, ya nuna mana bakin ramin da suke shiga ƙarƙashin dutse da gidajen ma'aikata na da. Ya ce tun da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985 garin bai koma yadda yake ba. Mu da muka haddace Riruwai don cin jarrabawa, yawancinmu ran nan muka fara ganinta.

Abin da ya faru a daren nan ba zan faɗe shi duka ba. Amma a bakin wuta ne muka ji cewa ɗayanmu ya shekara biyu ba aiki, yana kuma zuwa taronmu da shaddarsa a goge, ba wanda ya sani. A zauren taro irin wannan, da lasifika da jerin manyan baƙi, ba zai taɓa faɗa ba. Alhamdu lillahi, yanzu ya sami abin yi ta hannun wani daga cikin waɗanda suka kwana a tantin nan.

Yanzu sai maganar da ma'ajinmu ya tayar a zaman kwamiti. Ya ce rufin ɗakin kwanan ɗalibai na yoyo, ɗakin gwaje-gwaje ba kayan aiki, mu kuma muna zancen yawo. Gaskiyarsa, kuma ni ma na sa hannu a kan gyaran rufin. Ba mu neman ko kwabo daga asusun ƙungiya. Amma makon jiya na shiga aji biyar da iznin shugaban makaranta, na tambayi yara 52 wa ya taɓa ganin madatsar Tiga. Mutum huɗu suka ɗaga hannu, biyu daga ciki 'yan Bebeji ne. Falgore kuwa, abin da suka sani game da ita kawai shi ne wurin 'yan fashi. Rabon da a fita da ɗalibai ziyara, malamai sun ce sun manta. Cikin yaran nan ne za a sami waɗanda za su zauna a kujerun da muke kai yanzu, su sa hannu a kan dajin da ba su taɓa takawa ba.

Saboda haka roƙonmu ga wannan taro shi ne a amince ayarin ya zama reshe na ƙungiya, da madugu da ma'ajinsa, yana fita sau ɗaya a shekara bayan an gama girbi. Muna kuma roƙon shugaban makaranta ya ba mu ɗalibai 10 da malami ɗaya a kowace fita, da yardar iyayensu a rubuce, mu za mu ɗauki nauyinsu. Su kwana a Tiga kawai, dajin kuma a shiga da rana, in jami'an tsaro sun ce kada a shiga, a fasa. Malam ya ba mu littafin nan nasa amana, da sharaɗin duk shekara a koma gindin dutsen nan a sake ƙirgawa a rubuta. Wanda kuma yake da tsohuwar mota da ke ruɓewa a bayan gida, ta mahaifinsa ko ta kawunsa, kada ya sayar wa 'yan gwangwan sai ya yi magana da monita.

Ɗakin yana nan waje mun ajiye shi gindin darbejiyar da ke gaban ofishin shugaban makaranta, a buɗe yake, kowa na iya shiga ya gani bayan an tashi. Takardar rubuta suna tana hannun sakatare. Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga kana duban agogo, na ci minti biyar da ba nawa ba, a gafarce ni.