Dafin da Ba Ya Gaggawa: Maganin Feshi da Ƙwaƙwalwar Manomi



Duk wanda ya tashi a Dauran, ko Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, ya san yadda aikin damina ya koma. Saurayi ne za a gani ya goya injin feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, ruwan magani yana ɗiga a gadon bayansa tun hantsi har azahar. In kaka ta yi kuma, a yayyafa wa wake fiya-fiya, a ɗinke buhu. Dukkanmu mun san dafin da ke kayar da mutum nan take, da amai da dalalar miyau da shiɗewa, muna kuwa tsoronsa. Amma wanda ya tara mu yau shi ne dafin da ba ya gaggawa, wanda kan yi shekaru yana ɓarna a ƙwaƙwalwa kafin kowa ya farga.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikin mutum ba, alhali kuwa ita ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na kuzarin da jiki ke ƙonawa. A cikin kowace ƙwayar halittarta akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin murahu da masana ke kira mitokondiriya, inda ake sarrafa sukari da iskar numfashi su zama ƙarfi. To, a can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani rukunin ƙwayoyi masu yin sinadarin dofamin, wanda ke daidaita motsin gaɓoɓi. Murahunsu ba sa hutawa, saboda haka su ne kan fara jin jiki. Idan rabinsu ko fiye suka mutu, sai hannu ya kama karkarwa, jiki ya sandare, tafiya ta koma jan ƙafa. Wannan ita ce cutar Fakinsan, wadda likita James Parkinson na Ingila ya bayyana a 1817.

Ina maganin feshi ya shigo? A 1982, a Kalifoniya ta Amurka, waɗansu matasa sun yi wa kansu allurar ƙwaya da ta gurɓata da wani sinadari, cikin 'yan kwanaki suka sandare kamar tsofaffin masu wannan cuta. Da likita William Langston da abokan aikinsa suka bi diddigi, sai aka gane cewa sinadarin kan rikiɗa a ƙwaƙwalwa ya zama dafi mai toshe murahun nan, ƙirarsa kuma ta yi kama da ta farakwat, watau maganin ciyawar da aka daɗe ana sayarwa da sunan Gramoxone. A 2000 aka nuna cewa rotinon, dafin da danginsa ke cikin majimfar da masunta ke kashe kifi da ita, yana haifar da alamun cutar a jikin ɓeraye. Daɗin daɗawa, a 2011 wani bincike a kan manoman Amurka ya gano cewa cutar ta fi yawa, wajen ninki biyu da rabi, a tsakanin waɗanda suka yi aiki da ɗayan magungunan biyu.

Ba kowane mai feshi ne zai kamu ba, domin gado da shekaru suna da nasu rabo. Duk da haka Tarayyar Turai ta daina yarda da farakwat tun 2007, Faransa kuma ta amince a 2012 cewa Fakinsan cutar sana'a ce ga manoman da suka daɗe suna feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta ga busasshen waken Nijeriya saboda ragowar daikulobos, dafin da ke cikin fiya-fiya, wanda ke hargitsa saƙo tsakanin jijiyoyi. Su sun ƙi, mu kuwa a tukwanenmu yake ƙarewa.

A ƙauyukanmu, in hannun dattijo ya fara rawa, sai a ce tsufa ne, ko a ce sammu ne, ba mai tuna kwalaben da ya juye shekara da shekaru. Magungunan da ake da su suna rage karkarwa, amma ba sa tayar da ƙwayar da ta mutu. A nan fa rigakafi ya fi magani.

'Yan'uwa, da kuɗin wake da gyaɗa aka tura da yawanmu makaranta, kuma mu ne masu iya karanta abin da ke rubuce a jikin kwalba. In mun koma gida hutu, mu karanta wa iyayenmu. Mu roƙe su kada su yi feshi suna fuskantar iska, su yi wanka da sabulu kafin cin abinci, kada a zuba mai ko ruwan sha a galan ɗin magani, kada mai ciki ko yaro ya kusanci wurin haɗawa. Ajiyar wake kuwa, buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar mana dattijanmu da lafiyarsu.