Nawa Ne Kuɗin Fadama?

Idan gwamnati za ta gina madatsar ruwa, takan lissafta kuɗin siminti da albashin ma'aikata da yawan amfanin gonar da za a samu. Amma kifin da masunci ke kamawa a ƙasan kogin, da ciyawar da shanu ke ci da rani, da itacen girki, ba safai akan sa su cikin lissafin ba, domin galibinsu ba sa shiga littafin baitulmali. Abin da kuwa ba a rubuta masa daraja ba, shi ne ake saurin salwantarwa.

Bari mu ɗauki misalin fadamar Haɗejiya da Nguru a arewacin Nijeriya, inda kogunan Haɗejiya da Jama'are ke malala kowace damina. Da wannan ambaliya mutane ke noman shinkafa, su yi su, su yi kiwo, ita ce kuma ke ƙara wa rijiyoyi ruwa. A shekarar 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, sai ruwan da ke isa fadamar ya ragu.

A farkon shekarun 1990, wani masanin tattalin arziki, Edward Barbier, da abokan aikinsa suka ƙiyasta kuɗin noma da kifi da itacen da fadamar ke bayarwa, suka gwada da ribar aikin noman rani na Kogin Kano. Suka tarar cewa, idan aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba.

To, mene ne amfanin irin wannan lissafi? Ƙasar Kosta Rika ta nuna hanya. Tun 1997 take biyan masu filaye don su bar dazuzzukansu a tsaye, galibi da harajin man fetur, saboda daji na tsare ruwa da ƙasa.

Gaskiya ne ba kome ne kuɗi ke iya aunawa ba. Sai dai matuƙar da alƙalami ake yanke shawara, wajibi ne a rubuta abincin masunci da na makiyayi a takarda, tun kafin a toshe kogi.