Ross Anderson da Tambayar Wa Zai Ɗauki Asara



An nemi in yi magana kan rayuwar masanin tsaron kwamfuta, sai na zaɓi Farfesa Ross Anderson na Jami'ar Kambirij a Ingila, wanda ya rasu a watan Maris na 2024. An haife shi a 1956, ya karanta lissafi, amma bai zarce koyarwa ba. Sai da ya yi shekaru yana aiki da kamfanoni da bankuna, sannan ya koma jami'a ya yi digirin digirgir a hannun Roger Needham. Zaman da ya yi cikin bankunan nan, a ganina, shi ya bambanta shi da tsararsa.

A 1993 ya fitar da maƙala kan abin da ke sa tsarin ɓoye bayanai ya gaza. Lokacin masana sun duƙufa kan ƙarfin lissafi, suna tsoron wani gwani zai warware lambobin sirri. Shi kuwa sai ya bi diddigin satar da ake yi ta na'urar ATM, ya tarar ba a ma taɓa lissafin ba. Ma'aikaci ne ke buga katin wani, ko ɓarawo ya leƙa lambar mutum a layi, ko a yi kuskure wajen haɗa na'ura.

Ga abin da ya fi jan hankalina. A wancan lokacin, a Amurka, in mai ajiya ya ce ba shi ya cire kuɗi ba, banki ne zai kawo hujja. A Birtaniya kuwa banki kan ce na'urarsa ba ta kuskure, mai ajiya ya san inda dare ya yi masa. Har an taɓa samun wani ɗan sanda da laifin yunƙurin zamba a 1994 don ya yi ƙorafin an cire masa kuɗi, sai a 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi, da taimakon Anderson. Bankunan Birtaniya sun fi kashe kuɗi kan tsaro, amma sun fi shan sata, domin wanda aka ba gadi ba shi ke ɗaukar asara ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a banki yana rantsuwa bai taɓa kuɗinsa ba ya san wannan karatun. Daga nan ne, a 2001, Anderson ya aza harsashin nazarin tsaro ta fuskar tattalin arziki, a shekarar kuma ya fitar da littafinsa Security Engineering.

A 2010 shi da Steven Murdoch da Saar Drimer da Mike Bond suka nuna yadda ake yaudarar kati mai lambar sirri. Wata 'yar na'ura ake sakawa tsakanin katin da injin biyan kuɗi. Ɓarawo ya danna kowace lamba, na'urar ta amsa wa injin cewa daidai ne, alhali katin bai ga lambar ba, rasit kuma ya fito da shaidar an tantance. Ƙarshen shekarar ƙungiyar masu katunan banki ta Birtaniya ta nemi jami'ar ta janye kundin wani ɗalibi da ya faɗaɗa wannan bincike. Anderson ya mayar musu da wasiƙa ya ƙi, kundin kuma ya ci gaba da zama a intanet.